Bakwaini Biyu A Shekara Guda

A wani ƙauye na ƙasar Zazzau, wanda sai an sauka daga kan kwalta an yi tafiyar kusan awa guda a kan babur kafin a kai shi, akwai wata dattijuwa wadda yara da manya ke kira Inna. Haihuwarta tara, biyar suka rayu, biyu daga cikinsu mata. Babbar tana aure a Agege ta Ikko, a gidan wani dillalin shanu da Allah Ya buɗa wa. Ƙaramar kuwa tana nan kusa, a wata unguwa mai nisan tafiyar rabin yini a ƙasa, wurin wani manomi wanda abin da yake nomawa ba ya kai su wata shida, sauran shekara sai ƙwadago da cin rani.

Da Babbar Sallar 2023, watau a ƙarshen watan Yuni, duka biyun suka zo ganin gida. Babbar ta sauko daga mota da kyar tana haki, wuya ya yi guru, awarwaro ya nutse a tsintsiyar hannu. Matan gida suka kewaye ta suna shewa, suna cewa lalle Alhaji ya iya kiwo. Can da la'asar sai ga ƙaramar ta iso a ƙasa, da goyo a baya da wani yaron riƙe a hannu, ƙasusuwan wuyanta a waje, zane ya kusa zagaye ta sau biyu. Aka yi mata sannu da hanya, aka ba ta ruwa, wata goggonta ta dube ta ta ce, "Ke kam 'yar nan, kullum kamar sillen kara."

Inna ta ji daɗin abin da aka faɗa wa babbar, ta kuma ji kunyar abin da aka faɗa wa ƙaramar, domin haka ta taso ta tarar, cewa jikin mace shi ne shaidar gidan mijinta. Wadda ta yi ƙiba ta dace, wadda ta rame sai a yi mata addu'a. A daren nan ta lura, irin lurar da uwa ba ta buƙatar a gaya mata, cewa kowacce daga cikinsu tana ɗauke da ƙaramin ciki na kamar wata biyu. Kunya ta hana a ɗaga maganar. Bayan kwana huɗu kowacce ta koma ɗakinta.

Cikin ƙaramar ya girma ne a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon amfani bai nuna ba. Ga shi kuwa tun ran 29 ga watan Mayu na shekarar aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na hatsi suka yi tashin gwauron zabo. Tuwon masara da miyar kuka ake yi sau ɗaya da dare, a ɗumama saura da safe. Sai ta zuba wa maigida, ta zuba wa yara, sa'an nan ta kankare tukunya. Shekarunta ashirin da biyu, wannan ne cikinta na uku cikin shekara biyar, kuma kwanika ce, don ba ta yaye na baya ba sai da ta tabbata da wannan. Ita ce ɗebo ruwa, ita ce itace, ita ce surfe da daka, da kaka ta kama kuma ta shiga roron wake da ɓarar gyaɗa a gonakin mutane don ta sami na sabulu. Zazzaɓin cizon sauro ya kayar da ita sau biyu. Sau ɗaya rak ta je awo a ƙaramin asibitin gunduma, ciki yana wata biyar, sikeli ya nuna kilo 45. Malamar asibiti ta ja fatar idonta ta ga fari fat, ta ba ta ƙwayoyin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓi, ta ce ta riƙa dawowa kowane wata. Kuɗin babur ya riga ya ninka, ba ta sake komawa ba.

Babbar kuwa a bene take, ba ta sauka sai da dalili, ga 'yar aiki, ga nama kullum tun da yake sana'ar maigida ke nan. Shayi mai kauri da burodi da safe, shinkafa da soyayyen nama da rana, lemon kwalba ya maye gurbin ruwa. Tun tana amarya ƙawaye suka koya mata shan ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, don kada dangin miji su raina ta. Ranar da ta fara zuwa awo sikeli ya nuna kilo 96. Da ciki ya shiga wata na bakwai ƙafafunta suka kumbura, fuska ta yi suntum, kai ya riƙa sara mata, wani lokaci ta ga hazo-hazo a idonta. Ta ɗauka laulayi ne irin na kowa, maƙwabta kuma suka ce alamar ɗa namiji ce.

Su biyun tsayinsu ɗaya, kamar mita ɗaya da santimita sittin. Likitoci suna da wani ma'auni da suke gwada nauyin mutum da tsayinsa, kuma bisa ga wannan ma'auni mace mai irin tsayin nan, kafin ta ɗauki ciki, in ta kasa kilo 47 to ta rame, in ta haura 64 nauyinta ya wuce kima, in ta kai 77 kuwa ta shiga ƙibar da ake lissafa ta cikin cututtuka. Ashe ke nan 'ya'yan Inna ɗaya ta faɗo ta wannan gefe, ɗaya ta faɗa ta wancan, har babbar ta ninka ƙaramar da ɗoriya. Irinsu kuma ba kaɗan ba ne. Binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 12 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 ramammu ne, kashi 28 kuma nauyinsu ya wuce kima. Ramar ta fi yawa a karkara da gidajen talakawa, ƙibar ta fi yawa a birane da gidajen masu hali. A Amurka da Ingila abin ya juya, can matan talakawa ne suka fi ƙiba, domin abinci mai maiƙo da zaƙi shi ne mai araha.

A ƙarshen watan Nuwamba aka bugo wa Inna waya da tsakar dare, aka ce babbar ta faɗi tana jijjiga, an kai ta asibiti. Jininta ne ya hau ƙwarai, likitoci suka ce in ba a raba ta da cikin nan take ba za a rasa uwa da ɗa. Aka yi mata aiki aka ciro 'ya mace, ciki yana mako 31, nauyinta kilo ɗaya da giram ɗari huɗu. Da asuba Inna ta ɗaure ƙullin kayanta, ta bi motar Zariya, daga can ta hau ta Ikko, ta kwana ta yini a hanya.

Abin da ta gani a ɗakin jarirai bai taɓa faɗo mata a rai ba. Jikarta tana kwance cikin kwalba, ja wur, ba ta fi tafin hannun namiji biyu ba, an sa mata siririyar roba a hanci ana ɗura mata nonon da aka tatso daga uwar. Inna ta tsaya ta yi shiru, sa'an nan ta juya wajen wata nas Bayarabiya wadda ta tashi a Sabon Garin Kano, Hausa a bakinta kamar jakin Kano, ta ce, "'Yata, ki gaya mini gaskiya. Yarinyar nan ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sha ba, ba ta ɗaukar ko bokiti. Me ya kawo mata bakwaini?"

Nas ɗin ta zaunar da ita a benci ta ce, "Mama, cin ne ya yi yawa, zaman kuma ya yi yawa." Ta yi mata bayani a hankali, cewa mace mai ƙiba ta fi saurin kamuwa da hawan jini da ciwon sukari in ta sami ciki, hawan jinin kuma shi ne ke ƙuntata jijiyoyin da ke kai wa ɗa abinci ta mabiyiya, shi ne kuma ke kai ga jijjiga, har ya zama ala tilas a ciro ɗan tun bai ƙosa ba. Ta ce kumburin fuska da ciwon kai da hazon ido duk ƙararrawa ce da jiki ke kaɗawa. Maganar nas ɗin ta yi daidai da abin da masana suka tabbatar. A ƙasar Suwidin an bi diddigin haihuwa kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari shida tsakanin 1992 da 2010, aka buga sakamakon a 2013, inda aka ga cewa gwargwadon ƙibar uwa gwargwadon haɗarin haihuwa kafin lokaci, musamman irin wadda ke zuwa tun ciki bai kai mako 28 ba.

Cikakken ciki mako 40 ne, kuma duk ɗan da ya zo kafin a cika mako 37 bakwaini ne a wurin likitoci, ko da a wata na takwas ya zo. Tsofaffi sukan ce ɗan wata bakwai ya fi ɗan wata takwas rayuwa, amma asibiti ba ta ga haka ba, kowane mako da ɗa ya ƙara a ciki riba ce ga huhunsa da ƙwaƙwalwarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an haifi bakwaini miliyan 13.4 a duniya, watau kusan ɗaya cikin kowace haihuwa goma, kuma Nijeriya ce ta uku wajen yawansu, bayan Indiya da Pakistan, da sama da dubu 770. Matsalolin da ke biyo bayan irin wannan haihuwa su ne kan gaba wajen kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Da jaririyar ta ɗan yi ƙwari aka koya musu wani irin goyo da Inna ba ta taɓa gani ba duk tsawon rayuwarta. A tuɓe jariri sai ɗan nafkin da hula, a kwantar da shi tsakanin nonon uwa, fata ta taɓa fata, a ɗaure da zane, ya yini ya kwana a nan yana shan ɗumin jikinta. Wani likita mai suna Edgar Rey ya fara wannan dabara a birnin Bogota na ƙasar Kwalambiya a 1978, sa'ad da kwalabe suka yi musu kaɗan, aka sa mata sunan kangaru, dabbar nan ta Ostareliya mai goyo a jakar ciki. An gwada fara ta tun daga ranar haihuwa a ƙasashe biyar, ciki har da asibitin koyarwa na Ile-Ife, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna mutuwar ƙananan jarirai ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. Da yake ɗinkin uwar bai warke ba, Inna ce ta riƙa karɓarta. Tsohuwa mai shekara sittin da ɗoriya ta zauna a kujerar asibiti da jika a ƙirji, tana jin bugun zuciyarta kamar na ɗan tsako. Kuɗin da Alhaji ya kashe a makonnin nan ya kai na bijimi biyu, ya biya bai ce uffan ba.

Ana cikin haka, a makon ƙarshe na Disamba, hunturu ya kankama a Arewa, sai ga wata wayar. Ƙaramar ta haihu a gida da dare, ɗa namiji, saura kamar mako shida cikin ya cika. Tana tsakiyar sussukar dawa naƙuda ta kama ta. Mijin yana Kaduna yana tura ruwa. Waɗanda suka ga yaron sun ce ƙarami ne amma ya yi kuka, kuma ko kusa bai kai 'yar Ikko ƙanƙanta ba. Ungozoma ta yanke cibiya, ta yi masa wanka tun kafin gari ya waye, aka naɗe shi da tsumma aka kwantar a gefen gado. Aka hana shi nonon farko, wai dakashi ne sai ya zube, aka riƙa ɗiga masa ruwa.

Inna ta sa aka miƙa wa uwar mijin waya. Ta gaishe ta yadda surukai ke gaisawa, sa'an nan ta ce, "Yaya, don Allah a dakata da wankan nan. A ɗora shi a ƙirjin uwarsa a ɗaure da zane, a bar shi ya sha nono, in bai iya kamawa ba a tatsa a ba shi da cokali. In da hali a kai shi asibiti." Uwar mijin ta ce ita ma ta haifi tara ta goya tara, ba ta taɓa jin inda aka yi goyo ta gaba ba, asibiti kuwa sai yaron ya aiko da kuɗin mota. Tsakanin surukai akwai iyakar da magana ba ta wucewa. Inna ta yi godiya ta ajiye waya, ta fara ɗaure kaya. A rana ta biyu yaron ya daina kuka, jikinsa ya yi sanyi. A rana ta uku ya koma, ba a kai ga suna ba. Inna ta iso washegari ta tarar an riga an share ɗaki.

Ta sami 'yarta a zaune a kan tabarma, ta kama hannunta, sai ta ji yatsunta biyu sun zagaye damtsen. A nan ne maganar nas ɗin ta dawo mata, domin ta gaya mata cewa rama ma hanyar bakwaini ce, kuma a ƙasar nan ita ce hanyar da ta fi cin rai. Macen da ta shiga ciki da yunwa ba ta da ajiyar da za ta ciyar da mutum biyu. Jininta kan yi ƙasa, kuma a binciken nan na 2018 an sami kashi 61 cikin ɗari na masu ciki da ƙarancin jini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙwayar zazzaɓin sauro takan taru a mabiyiya, ciwon sanyi da na mafitsara su sami gindin zama, aikin ƙarfi da haihuwa kusa da kusa su ƙara nasu, har mahaifa ta buɗe tun lokaci bai yi ba.

Abin da ya fi tsaya wa Inna a rai shi ne lissafin makonni. 'Yar Ikko ta zo a mako 31 ta rayu, ɗan ƙauye ya zo a wajen mako 34 bai rayu ba, alhali shi ne ya fi ƙosawa. Ta san rai da ajali na Allah ne, ba ta taɓa jayayya da wannan ba, amma ta ga da idonta abin da aka yi wa ɗaya da abin da ba a yi wa ɗayan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe matalauta rabin jariran da ke zuwa a mako 32 ko ƙasa da haka mutuwa suke yi, saboda rashin abubuwa masu sauƙi irin su ɗumi da nono da maganin cututtuka, a ƙasashe masu arziki kuwa kusan dukkansu suna rayuwa. A 2018 kashi 39 cikin ɗari ne na haihuwa a Nijeriya aka yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 16 kacal. Wannan ba sabon labari ba ne a ƙasar Zazzau. Farfesa Kelsey Harrison, likitan mata ɗan Abonnema ta Jihar Ribas, ya bi haihuwa 22,774 a asibitin Zariya daga 1976 zuwa 1979, ya buga abin da ya gani a 1985: matan da ba su zuwa awo kuma ba su yi makaranta ba, su ne suka fi mutuwa, su ne kuma suka fi rasa 'ya'yansu.

Bayan an yi arba'in Inna ta aika aka kira mijin ƙaramar. Ta zauna a bayan ƙyaure shi yana tsugune a zaure, ta roƙe shi abu biyu: ya bar mata 'yarta ta yi wata uku a gida, kuma a ba cikinta hutu ko da shekara biyu ne, kamar yadda ma'aikatan lafiya ke shawarta. Ya yi shiru, ya ce shi ma abin yana cin sa, ya amince. Inna tana da kaji bakwai da take tara ƙwansu ta kai kasuwa. Daga ranar ta daina sayarwa, kullum a dafa ɗaya a ba mai jego. Ta ƙara da wake, da kunun gyaɗa, da kwaɗon zogale da rama, ranar kasuwa kuma hanta ko ta naira ɗari biyar ce. Ta sayar da akuya guda ta ƙulle kuɗin a gefen zane, ta ce wannan na babur ne, don an gaya mata mai ciki sau takwas ya kamata ta ga ma'aikacin lafiya, na farko tun ciki bai wuce wata uku ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Babbar ma likita bai sallame ta hannu sake ba. Ya ce kada ta kuskura ta rage ci tana da ciki ko tana shayarwa ba da shawara ba, amma kafin wani cikin lalle ta sauke nauyi, ta kuma riƙa auna jininta. Ya ce mai matsakaicin jiki takan ƙara kilo 11 da rabi zuwa 16 a tsawon ciki, ramammiya 12 da rabi zuwa 18, irinta kuwa 5 zuwa 9 sun isa. Ta bar lemon kwalba, ta rage maiƙo, ta fara sauka daga bene tana taka ƙasa zuwa islamiyya da dawowa. Ba abu ne mai sauƙi ba, domin dangin miji sun fara tambayar ko wani abu ke damunta.

Da Babbar Sallar 2025 suka sake haɗuwa a gidan Inna. Ƙaramar ta zo a kan babur, ba goyo, ƙasusuwan wuya sun ɓuya, ta ce a zuwanta na ƙarshe asibiti sikeli ya nuna kilo 52. Babbar ta sauko daga mota ba haki, awarwaro yana yawo a hannunta, 'yar bakwainin nan tana biye da ita tana tafiya dagwai-dagwai, tana bin kaji. Ba a yi shewa irin ta wancan karo ba. Goggon nan ta dube ta sama da ƙasa, ta matso kusa da Inna ta rage murya ta ce, "Yaya, lafiya kuwa? Ko kasuwar Alhaji ce ta karye?"

Inna ta ce kasuwa lafiya lau. Ta sunkuya ta ɗauki jikar, ta ɗora ta a ƙirji kamar yadda ta saba a Ikko, ko da yake yanzu ƙafafun yarinyar har cinyarta suke kaiwa. Sa'an nan ta ce da goggon, in an gama rabon nama a ware hantar a kai wa amaryar gidan maƙwabta, ta lura tana da ƙaramin ciki.